Abokin Ɗaukata, Mumuni na Bawku

Tun da rediyo ta fara cewa za a kawo layin dogo arewa, samarin tashar motarmu ta Yendi suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Kowa ya zama ɗan reluwe da baki. Shekaranjiya wani mai lodin doya, wanda ko buhun gari sai an ɗora masa a ka, ya ce mini, "Baba Fuseini, ai aikinku babu wahala kuraa, ko kaɗan. Jirgi yana tafiya da kansa, ku kuna zaune kuna ɗaga tuta." Na dubi kafaɗunsa, na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

To ku matso, ku da ba ku taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya. Zan gaya muku yadda aikin yake, amma ba zan iya ba sai da Mumuni a ciki, abokin aikina ɗan Bawku, wanda ya bar dogo ya shiga soja ya mutu a yaƙi. An yi wani lokaci da ake ta yaɗawa a unguwarsu cewa tsoro ne ya kashe shi, har mahaifiyarsa ta daina fita kasuwa don kunya. Wanda bai san aikinmu ba ba zai gane mutuwar Mumuni ba, shi ya sa zan fara da aikin.

Mahaifina malami ne a nan Yendi, yana karantarwa da safe, da rana ya zauna a rumfar gishiri. Ni kuwa karatu ya ƙi ni, na ƙi shi. Da na ga ƙannena suna wuce ni a allo, sai na hau motar doya, muka bi ta Bimbilla da Salaga, muka haye ruwa, sai kudu. A can na ji ana ɗaukar leburori a layin da ke ratsa dajin koko zuwa bakin teku. Na tafi da ƙarfina kawai, don shi kaɗai na mallaka.

Ranar farko aka kai mu gaban helma, wato shugaban ƙungiyar masu gyaran layi. Sunansa Baba Seidu, mutumin Salaga, jikan fataken goro, yana jan ƙafar hagu. Bai tambayi sunan kowa ba. Ya jera mu, ya ɗauko wata miƙaƙƙiyar gora yana ɗora ta a kafaɗun mutum biyu biyu. In gorar ta karkata, ya raba su. Ya gwada ni da mutane da dama, ana ta karkacewa, har ya zo kan wani baƙin saurayi mai faɗin ƙirji da wushirya. Gora ta zauna daram.

"Kai daga ina?"

"Yendi, Baba."

"Kai fa?"

"Bawku."

"To daga yau ba Yendi ba Bawku. Wannan shi ne abokin ɗaukarka. In ya yi zazzaɓi, kai ma ka sha magani."

Haka na sami Mumuni. Da ya ji labarin gidanmu ya laƙaba mini "Malam ba karatu", ni kuma nake ce masa ɗan albasa, don mahaifiyarsa albasa take sayarwa a kasuwar Bawku, kuma ba ya gama magana bai yabi albasar garinsu ba. Mutum ne mai cin tuwo kamar ana korarsa, mai waƙa da muguwar murya, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafin nauyi ba.

Abin da kuke gani a hoto, ƙarfe biyu miƙe, ba haka Allah ya ajiye su ba. Ƙarfen yana kwance a kan katakai, katakan suna kwance a kan tsakuwa, kuma duk jirgin da ya wuce sai ya ɗan ture wani abu daga wurinsa. Aikinmu mu mayar. Muna da diga mai baki biyu, ɗaya tsini ɗaya dakakke. Da dakakken ake cusa tsakuwa ƙarƙashin katako, mutum biyu suna fuskantar juna, kai ka buga shi ya buga, a sunkuye tun hantsi har bayanka ya manta yadda ake miƙewa. Katakon da ya cika, in ka buge shi, amsawa yake da nauyi. Wanda ke da rami a ƙasa kuwa kuka yake kamar ƙwarya. Akwai sifana mai tsawon ƙafar mutum ta ɗaure noti inda ƙarafa suka haɗu, akwai guduma, akwai ma'aunin faɗin layi wanda Baba Seidu ba ya barin kowa ya taɓa. Ko sallah zai yi, kusa da buzunsa yake jingine shi.

Sannan rana. Ƙarfe yana miƙa in ya sha zafi, shi ya sa ake barin ɗan tsaga tsakanin wannan da wancan. In tsagar ta toshe, ƙarfen ya rasa inda za shi, sai ya lanƙwashe gefe kamar maciji, jirgi ya zo ya sauka a daji. Na taɓa dafa ƙarfe da tsakar rana da tafin hannu, ban sake ba.

Amma aikin da ke raba ɗan dogo da ɗan kallo shi ne canza ƙarfe. Na tuna wani da ya tsage a wata kwana, gab da wata gada. Muka turo sabo a kan kurar da ke bin layi, sai dai kurar ta tsaya nesa da wurin, dole a ɗauka da hannu. Ana ɗauka da babban awartaki mai hannu biyu: bakinsa ya cafke ƙarfen, mutum ɗaya ya kama ta dama, ɗaya ta hagu, a jeru haka biyu biyu daga wannan kai zuwa wancan. Nan ne amfanin gorar Baba Seidu. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, nauyin duk ya gangara kan gajeren, ya tashi da ciwon baya na har abada. Helma ne kaɗai ke magana. Ya ce a ɗaga, a ɗaga tare. Ya ce a taka, a taka tare, ƙafafunku a gefen ƙarfen, wani lokaci a ƙarƙashinsa in hanya ta matse. Kuma ba mai ajiyewa sai ya zagaya da ido ya ga ba ƙafar kowa a ƙasa, sannan ya ba da izini.

Doka ɗaya ce a wurin, kuma Baba Seidu ba ya gajiya da maimaita ta: in ƙarfe yana hannunka, ba ka saki. Ko me ya faru. Domin in ka saki naka gefen, ba kai zai faɗo wa ba, abokin ɗaukarka zai faɗo wa. Ranar nan a kwanar, da muka huta, ya tuɓe takalminsa na hagu ya nuna wa sababbinmu. Ƙafar ta baje kamar an taka ɗanyen dokunu, curin tuwon masarar nan na kudu, yatsu biyu babu. Ya ce maciji ne ya gifta, abokin ɗaukarsa ya zabura ya saki.

"Macijin bai ciji kowa ba," in ji shi. "Wucewarsa ya yi abinsa."

Ya mai da takalminsa, muka tashi.

Na ga ranar da dokar ta zauna a jikin Mumuni. Damina ce, muna ɗauke da ƙarfe ta cikin ciyawa, sai muka taka ayarin kwarkwasa. Ni gefena tsakuwa ce, shi ne ya faɗa tsakiyarsu. Ina ganinsu suna hawa ƙafarsa baƙi ƙirin, suna shigewa cikin gajeren wandonsa. Wanda kwarkwasa ta taɓa ciza ya san abin da nake faɗa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, hawaye na zuba, yana ta zagin kakannin kwarkwasa da yaren Kusasi da na Mosi, amma hannunsa bai motsa ba. Sai da muka kai wurin, Baba Seidu ya duba ƙafafu ya ce a ajiye. Kafin ƙarfe ya gama zama Mumuni ya yi jifa da wando ya faɗa rafi tsirara, mata masu wanki suka watse da ihu. Mun yi wata guda muna masa dariya. Baba Seidu bai yi dariya ba, ya ciro goro fari daga aljihu ya ba shi gaba ɗaya, shi da ko ɓari ba ya ba kowa.

Masu hawa jirgi ba su san da mu ba, kuma haka ya kamata. In fasinja ya tuna da ɗan gyaran layi, to wani abu ya lalace. Mukan koma gefe mu jingina da diga, su wuce suna watso mana ɓawon lemo. Wasu dai suna da kirki. Akwai direban da ke rage gudu ya busa mana usur sau biyu. Akwai matan da ke kai kifi da ayaba kasuwa, su kan jefo mana ƙunshin dokunu ta taga suna kiran mu mazajensu. Mumuni yakan amsa da cewa sadaki yana Bawku, albasa buhu guda.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda ruwa ya ƙi sauka, wuta ta shiga dajin koko. Iyayenku sun san ta. Wutar ta hau layi ta cinye katakai, wasu wuraren sai ka ga ƙarfe yana lilo a kan toka. Sababbin katakai ba su zo ba. Muka riƙa tono tsofaffin da aka yar tun zamanin da, muna juya su, muna neman gefen da gara ba ta gama da shi ba. Jirgi ya koma tafiya kamar mai jinya, wani makon ma ba ya zuwa. Ga yunwa. Ko kana da kuɗin saye, babu abin a kasuwa. Mun ci ɗanyar gwanda dafaffiya, mun ci ƙwarar manja, mun sha garin rogo da ruwa ya fi shi yawa. Mutumin da ke ɗaukar ƙarfe da irin wannan ciki, idonsa duhu yake gani.

A lokacin ne wani direban mota ya kawo wa Mumuni saƙon baka daga gida: gero bai yi ba, albasa ta bushe a lambu, mahaifiyarsa da ƙannensa mata suna kwana da ruwan kuka. A lokacin ne kuma aka ce ana ɗaukar soja, kuma a bariki akwai abinci har da na aikawa gida. Ya same ni muna wanke diga a rafi.

"Malam ba karatu, ni zan tafi soja."

"Ka gaya wa Baba?"

"Kai za ka raka ni. Ni kaɗai ba na iya."

Baba Seidu ya saurare shi har ya gama, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Mumuni, a nan ƙarfe ne kawai ke neman ka, kuma ka san halinsa. Can ba ka san mai neman ka ba." Mumuni ya ce, "Baba, Mma tana jin yunwa." Tsohon ya gyaɗa kai. Ya sa masa albarka, ya ce gurbinsa yana nan duk ranar da ya dawo. Na raka shi tasha, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji ciwon tafiyarsa ƙwarai.

Bayansa an haɗa ni da mutane iri iri, ba wanda gora ta zauna mana daidai. Wannan karkacewar da kuke gani a tafiyata, daga nan na samo ta. Ya zo mana hutu sau ɗaya cikin kaki, ya yi ƙiba, takalmi na ƙyalli. Ya ce an sa shi cikin sojojin da ke gina gada da gyaran hanya. "Aikin dogo ne, chale, abokina," in ji shi, "sai dai da bindiga a baya, kuma saje bai kai Baba faɗa ba." Ya karɓi digata ya cusa katako biyu don ya nuna hannunsa bai mutu ba, ya ci tuwonmu ya cinye, ya tafi.

Shekaru suka wuce. Yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa ta yamma da mu, ba sai na faɗi sunanta ba, aka tura sojojinmu raba faɗa, har da su Mumuni. Wata rana muna cikin aiki mai kula da tasha ya aiko a kira ni, ya ce labari ya zo, an harbi Mumuni, an binne shi can.

Na nemi izini na kama hanyar arewa. Na tsaya a Salaga, don Baba Seidu ya riga ya ajiye aiki ya koma gida yana sayar da hatsi. Na same shi a rumfarsa na gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi Bawku ba, in yi wa uwar gaisuwa da bakinmu mu biyu.

Na isa Bawku ana gobe sadakar arba'in. Tun a bakin unguwa na ji abin da ban so ba. Na tambayi wata mai koko gidan mahaifiyarsa, Mma Azara mai albasa, ta nuna mini, ta ƙara da cewa, "Uwar sojan nan da tsoro ya kama? Allah sarki. Wai kowa ya kwanta, shi ya tsaya kamar turmi." Na ji kamar ta watsa mini kokon a fuska.

Mma Azara 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a ƙofar ɗakinta, tiren albasarta a kife a gefe. Na durƙusa na yi gaisuwa, tawa da ta Baba Seidu. Ta ce ta san sunana, ni ne malamin da ba karatu. Ta yi ɗan murmushi, ya ɓace. 'Yarta ta gaya mini a gefe cewa tun da labarin ya bazu ba ta taka kasuwa ba. Ba mutuwar ce ta hana ta ba, kallon da mata ke mata ne, da yadda ake yin shiru in ta doso.

Labarin kuwa ba maƙiyi ne ya kawo shi ba. Wani kofur ne ɗan Binduri kusa da Bawku, Salifu, wanda suke tare a wurin, shi ya kawo kayan Mumuni, aka tambaye shi ya faɗi abin da ya gani. Washegari bayan an yi addu'a an watse, ya shigo gaida tsohuwa. Dogo ne, tsayinsu ɗaya da Mumuni, mai ladabi, idanunsa sun faɗa. Na roƙe shi ya sake ba ni labarin, ni abokin aikinsa ne na dā. Ya dubi Mma Azara, ta ɗaga masa kai.

"Masa, maigida, gada ne muna gyara," in ji shi. "An fasa shi, motocin abinci ba su iya wucewa. Muna ɗauke da ƙarfen gada, babba, mu shida. Ni da Mumuni muna gaba. Sai harbi ya tashi daga daji. Saje ya ce kowa ƙasa. Haka an koya mana, in ka ji harbi ba ka tunani, ka faɗi. Kowa ya faɗi. Na ja ciki na shiga kwata. Da na ɗaga kai, Mumuni yana tsaye. Muna kira, kwanta, kwanta, bai kwanta ba. Sai ya faɗi." Ya share fuska. "Mutumin kirki ne paa, sosai. Amma wani, in ya ji harbi, jikinsa yana daskare. Ba laifinsa ba ne."

Na ce, "Kofur, na baya da suka kwanta, sun saki ƙarfen?"

"Sun saki. Gindinsa ya bugi ƙasa."

"Kan fa, na gaba?"

Ya yi ɗan tunani. "Yana sama."

"Kai da ka faɗi, ina ka faɗi?"

"Nan inda nake. Ba lokacin zaɓen wuri."

"Ƙarfen yana ta ina da kai?"

Na ga yana komawa wurin a cikin kansa. A hankali ya ɗaga hannu ya nuna saman bayansa, ya gangaro da shi zuwa cinyoyinsa.

"Har ka ja ciki ka fita, wa ke riƙe da shi?"

Kofur Salifu ya dubi ƙafafunsa. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa, ya rufe kai da hannu biyu, yana kuka kamar ba soja ba, yana faɗin, "Wallahi ban sani ba, Mma. Wallahi ban duba sama ba."

Na juya wurin tsohuwa na gaya mata yadda ake ɗaukar ƙarfe a dogo, da ƙafar Baba Seidu, da ranar kwarkwasa. Na ce mata soja an koya masa ya faɗi, mu an koya mana kada mu saki muddin akwai mutum a ƙasa, kuma ɗanta ya riga ya zama ɗan dogo kafin ya zama soja. Na ce ba tsoro ne ya tsai da shi ba, ƙarfe ne a hannunsa da mutum a ƙarƙashi.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta dafa kan Salifu, ta ce, "Tashi, ɗana. Ƙafafun nan ka riƙe su da kyau, da tsada aka saye su." Sannan ta yunƙura ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta kira 'yarta.

"Je ki kira mini Hajiya ta gidan gaba, da mai koko, da matan layin albasa. Duk wadda kika gani ki ce ina kira."

Ta sa aka fitar da benci ƙofar gida, bakin hanya, inda masu wucewa za su ji. Mata suka fara taruwa suna kallon juna. Ta zauna a tsakiyarsu, ta nuna mini wuri kusa da ita.

"Fuseini," ta ce, "faɗa musu. Daga farko, kuma ka ɗaga murya."

Na ɗaga murya na faɗa.